Kalori Ɗari Huɗu a Bakin Taga

Likita bai yi dogon turanci ba. Ya duba takarda, ya dubi Umma ta saman tabarau, ya ce sukarin jininta ya iso bakin ƙofa yana sallama, don haka kilo biyar yake so ta sauke kafin wata uku. Umma ta ce to, irin to ɗin da ake faɗa don a samu a fita. Shekara ashirin ke nan tana gasa kek na sayarwa a kicin ɗinta na saman bene, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san ba a fitar da kek daga gida ba a ɗanɗana ba.

Cikin mako guda Auta, ɗanta da ke aiki a wani gari mai nisa, ya aiko da kwali biyu. A babban akwai keken motsa jiki, wanda ake tuƙawa har a gaji bai matsa ko taku ɗaya ba. A ƙaramin akwai agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, da an gama tuƙi kuma ya faɗi kalori nawa aka ƙona. Babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya da ke zaune tare da ita, wadda kowa a dangi ke kira Likitar Gida, ita ta haɗa keken. Ta shigar wa agogon shekarun Umma da tsawonta da nauyinta, Umma na tsaye a kanta tana roƙon a rage shekara uku, aka ƙi. Aka ajiye keken a falo, bakin tagar da ke kallon titi, saboda iska.

Iskar ce ta jawo komai.

Daidai gaban tagar, tsallaken titi, akwai shagon mai gyaran keke. Umma ta san da shi kamar yadda ake sanin sandar fitilar titi: dattijo ne dogo mai furfura a gemu, matarsa ta rasu tuntuni, ba ya hayaniya. Amma ba ta taɓa zama ta kalle shi ba sai da aka ɗaure ta a kan sirdin keke minti talatin kowace safiya. Ƙarfe bakwai daidai zai iso, ya jingine kekensa, ya ɗaga ƙofar shagon da hannu ɗaya. Ya fito da famfo, ya rataye tayoyi a ƙusa, ƙanana a ƙasa manya a sama. Ya zuba wa wata kyanwa mai ido ɗaya ruwa a murfin gwangwani. Sa'an nan ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, kamar mai shirin shiga tiyata, ya ɗaga kai sama ya duba ko za a yi hadari. Umma ta lura kullum hadarin ta wajen tagarta yake nemansa.

A faɗi gaskiya, ta kamu. Mace mai shekara hamsin da uku, shekara takwas da rasuwar mijinta, sai ga ta tana saka kwalli kafin ta hau keken da ba ya zuwa ko'ina. Tana kaɗa ƙwai tana murmushi ita kaɗai. Daɗin abin ya ishe ta, tsoron abin ma ya ishe ta, don abu ɗaya ta ƙudurce a ranta: kada 'ya'yanta su sani. Auta har yanzu hoton mahaifinsu ne a fuskar wayarsa. Likitar Gida kuwa ita ta yi jinyarsa har ƙarshe, ita ce kuma ba ta bari a taɓa kujerarsa ta falo. Da wane baki za ta ce musu zuciyarta ta sake tashi tsaye? Ita dai a bar mata tagarta da minti talatin ɗinta, ba ta nemi ƙari ba.

Agogon kuwa ya zama ɗan gari. Makon farko rowa ya yi ta yi, ɗari da hamsin, ɗari da sittin. Daga mako na biyu sai hannunsa ya buɗe. Ɗari uku da tamanin. Ɗari huɗu. Ranar da mai gyaran ya naɗe hannun riga ya ɗaga keken wani ɗan sanda sama da hannu ɗaya, agogo ya ba ta ɗari huɗu da talatin har da hoton kofi. Ta ɗauki hoton ta tura wa Auta.

"Umma, ke fa 'yar tsere ce ba mu sani ba," in ji shi a waya. "Ni da nake zuwa wurin motsa jiki ban cika kai haka ba."

"Ƙwazo ne, ɗan nan. Ba a saya a kanti."

Kuma da yake ita mace ce mai son gaskiya, ta tambayi wayarta kalori nawa ne a yankan kek ɗaya, aka ce wajen ɗari uku da hamsin. Sai ta ga ai har canji take da shi. Kowace safiya, da ta sauko daga keke, sai ta yanka wa kanta yanki mai kauri na wanda ya fi kyau a ranar, ta zauna ta ci da cokali mai yatsu, hankali kwance, ba a tsaye a bayan ƙofar kicin ba kamar da. Guminta take ci, agogo ne shaida.

Sikeli ne ya ƙi shiga wannan shiri. Bayan mako shida, wata safiyar Asabar, Likitar Gida ta jawo shi daga ƙarƙashin gado ta ce a hau. Umma ta cire takalmi, ta cire ɗankunne, ta fitar da numfashi, ta hau. Ta ƙaru da kilo ɗaya da rabi.

"Sikelin nan ya tsufa," in ji Umma.

"Bara na saye shi. Ba ni wayarki, Umma."

Ta zauna a hannun kujera ta buɗe inda agogon ke ajiye labarinsa. Umma ba ta ma san yana ajiyewa ba, ita lambar ƙarshe kawai take dubawa. Ashe munafukin duk bugun da zuciyarta ta yi sai ya zana shi. Layi ne ke tafiya a kwance, casa'in da biyar, ɗari, casa'in da takwas, sai kwatsam ya miƙe sama kamar tsauni, ya yi zamansa can har ƙarshen tuƙi. 'Yar ta duba na jiya, ga tsauni. Shekaranjiya, tsauni. Duk a wuri ɗaya suka fara.

"Umma, me ke faruwa da ƙarfe bakwai?"

Umma ta kau da kai. Ta ce, "Lokacin nake ƙara wuta."

"Ba kya ƙarawa. Ga allon keken nan, shi juyin feda yake ƙirgawa. Kafin bakwai kina yin sittin a minti, bayan bakwai kina komawa talatin. Ƙafarki na tafiyar hawainiya, zuciyarki na ɗari da arba'in da biyar." Ta ɗago kai, kuma babu wasa a fuskarta. "Shi agogon nan bai san ƙafa ba, zuciya kaɗai yake saurare. Da ya ji tana gudu sai ya ɗauka aiki kike yi, ya yi ta rubuta miki kalori. Shayi mai ƙarfi zai ruɗe shi, zafi zai ruɗe shi, tsoro ma haka. Aikin da kike yi na gaske bai wuce ɗari da sittin ba. Ina fata dai ba ki ci sauran ba?"

Umma ta kalli silin.

"Umma."

"Ɗanɗano ne."

Likitar Gida ta dafe kai, ta fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta sake komawa kan zanen. "Abin da ban gane ba, ranar Lahadi babu tsaunin. Duk Lahadi layin a kwance yake. Wace irin zuciya ce ke tafiya hutun mako?"

Ranar Lahadi ba a buɗe shagon. Umma ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi, ta tashi ta hau gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Ko ranar da ke bugo tagar ce, ko kuma wani abu ne a zuciyar, kuma ni ba na wasa da wannan," in ji 'yar. Muryarta ta yi ƙasa, Umma ta san mahaifinta ta tuna. "Mu gwada mai sauƙin tukuna. Mu ɗauke keken daga nan. In tsaunin ya biyo ki, ranar Alhamis sai asibiti."

Kalma ɗaya da ta wadatar. Umma ta buɗe baki, ta dubi kujerar marigayi a kusurwa da mayafinta a kai, ta rufe. Ita da kanta ta kama gefe ɗaya suka ja keken zuwa lungun da ke tsakanin firij da bango, inda babu abin kallo sai kalandar kamfanin fulawa.

Tsauni bai biyo ta ba. Litinin ɗari da hamsin da biyar. Talata ɗari da sittin. Likitar Gida ta yi hamdala, ta ce rana ce, ta kira Auta ta ba shi labari suka yi ta ƙyalƙyala dariya a kan kek ɗin da aka ci bisa shaidar ƙarya. Umma ma ta taya su. Amma da ƙarfe bakwai ta yi, tana jin ƙarar ƙofar shagon na ɗagawa, ƙarar tana hawowa bene ta zagayo firij ta same ta, ita kuwa tana fuskantar hoton buhun fulawa. Za ta iya sauka ta leƙa, ba wanda ya ɗaure ta. Sai dai leƙe daban, tuƙin keke a bakin taga daban, kuma ita ba ta kai ga zama mai leƙe ba. Baƙin ciki ya kama ta sosai, irin wanda ba ta zata zai sake samunta a kan ɗa namiji ba. Ranar Talata ta manta da hodar tashi a kek ɗin wani ɗan makaranta, ya fito a shafe kamar faifai.

Ranar Laraba Likitar Gida ta makara fita. Ta haɗa shayi, ta zo ta tsaya a inda keken yake a da, tana hurawa. Daga lungunta Umma na hango bayanta. Ƙofar shago ta yi ƙara. Umma ta ci gaba da tuƙi, tana ƙirgawa a ranta: famfo, tayoyi, kyanwa, tsumma. Yanzu zai ɗaga kai. Ta ga kofin ya tsaya a hanya bai kai baki ba. 'Yar ta daɗe a tsaye. Sa'an nan ta miƙa tafin hannunta wajen gilashin tagar, ta juya shi, kuma ko makaho ya san babu wata rana a wurin, don inuwar benen ce ke rufe tagar har hantsi. Ta waiwayo ta dubi uwarta, ta dubi kwallin da har yau ba a fasa sakawa ba. Ta ajiye kofin, ta ɗauki jaka, ta ce sai ta dawo.

Umma ta yi wunin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta shirya jawabi kala uku, ta rushe su. Ta ce za ta musa. Ta ce za ta yi fushi tun kafin a yi mata. Da 'yar ta dawo da yamma, hirar wani majinyaci da ya ɓoye soyayyen nama a ƙarƙashin matashi kawai ta yi, ta ci abinci, ta shige ɗaki. Shirun ya fi faɗa ciwo, kuma Umma ta tabbata an yanke mata hukunci.

Washegari Alhamis, ranar hutun Likitar Gida. Umma ta ɗaura agogo, ta hau keke, ta taka sau biyu, sai fedar dama ta fice ta gangara ƙarƙashin firij.

"Ayya," in ji 'yar daga ƙofar kicin, ko mamaki babu. "Bari in nemo mai gyara."

"Wane mai gyara?"

"Mai gyaran keke mana, Umma. Keke ne ya lalace."

Kafin Umma ta sauko, ta ji takunta a matakala. Ta ruga ɗaki ta yafa mayafi, ta cire, ta yafa wani, ta dawo ta kwashe kwanukan da ke tebur, ta rasa inda za ta kai su, ta mayar. Tana tsaye da tire babu komai a kai aka yi sallama. Muryarsa ta fi yadda ta zata kauri. Ya cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa, ya shigo da akwatin kayan aikinsa, yana ƙanshin sabulu da ɗan giris.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

A nan agogo ya fara kuka. Tit, tit, tit. An saita shi ya yi ƙara in zuciya ta haura ɗari da ashirin alhali mutum na tsaye cik. Umma ta rufe shi da tire. Ya ci gaba daga ƙarƙashin tiren. Ta tura hannun cikin mayafi, ta danne da hammata, yana dai yi. Likitar Gida ta juya baya tana kallon kalanda, kafaɗunta na rawa.

Mai gyaran ya durƙusa gaban keken kamar bai ji komai ba. Ya zaro fedar daga ƙarƙashin firij, ya juya ta, ya shafa zaren da babban yatsa. "Wannan ba lalacewa ta yi ba," in ji shi. "Kwance ta aka yi. Ga sawun sifana, sabo."

"Ikon Allah," in ji Likitar Gida.

Ya dube ta, ya dubi fedar. Ya shafa giris, ya mayar, ya ɗaure. Aikin minti ɗaya ne, ya yi shi a minti biyar. Yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kwana biyu taga shiru, Hajiya. Na ce ko jiki ne."

"Keken aka matsar," in ji Umma, da muryar da ita ma ba ta gane ba.

"Baba, tunda ka zo," in ji Likitar Gida, "agogon nan ma muna zarginsa. Ka hau ka gwada fedar, in ɗaura maka shi mu gani ko a hannun kowa haka yake shirme." Ta kwance shi daga hannun uwarta, wadda ba ta da ƙarfin hanawa, ta ɗaura masa. Ya hau sirdi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kan keken. Mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙi, ya juya fedar a hankali, lamba ta tsaya tamanin da biyu.

"Ka ga, lafiya ƙalau. Umma, ba a kawo wa Baba shayi ba?"

Umma ta kawo. Ta miƙa masa. Ya daina tuƙi don ya karɓa. Ya dube ta, karo na farko daga kusa, babu titi a tsakani. Likitar Gida ta sunkuya kan agogon tana karantawa a fili kamar mai sanar da sakamakon zaɓe. Casa'in da shida. Ɗari da takwas. Ɗari da sha tara.

Tit, tit, tit.

"Agogon nan ya lalace," in ji mai gyaran, da sauri.

"Haka Umma ta ce da sikeli."

Dariyar ta fara kuɓuce wa Umma ne. Ta toshe baki da mayafi, ta fita ta hanci, ta zauna daɓas a kujera tana yi har da hawaye. Shi ma ya sunkuyar da kai yana yi, gemunsa na rawa, shayi na zuba a sirdi. Da ya samu numfashi ya ce, tunda dai an riga an tona shi, gara ya ƙarasa da bakinsa: shekara goma sha biyu ƙarfe tara yake buɗe shago, don babu mai kawo gyara kafin nan. Wata rana ya yi sammako saboda keken wani ma'aikacin gidan waya, ya ga an ajiye keke a taga. Tun daga ranar bai sake kaiwa bakwai da minti ɗaya ba. Kyanwar ma, in ji shi, har ta gaji da shan ruwa.

Shi da Likitar Gida suka ɗauki keken suka mayar bakin taga, daidai kan sawun da ƙafafunsa suka bari a kafet. Ya ɗauki akwatinsa, ya yi sallama sau biyu, ya kusa sauka da takalmi ɗaya.

Suka rage su biyu a falo. Umma ta kasa ɗaga ido. Ta ce, "Ke ba ki ji haushi ba? Babanku..."

'Yar ta zo ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwarta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. "Umma, tun da Abba ya rasu nake auna bugun zuciyarki, ina jin tsoron ranar da zan ji wani abu. Ran nan da na ga tsaunin nan na ɗauka ranar ce ta zo." Ta share ido da bayan hannu. "Ashe lafiya ce ta yi miki yawa. Auta kuma ki bar ni da shi, ai shi ya sayo agogon."

Umma ta dafa kan 'yar, tana shafawa a hankali.

Washegari agogo ya ba ta ɗari huɗu da sittin, har da kofi da taurari. Ta sauko tana haki, ta yanka yanki mai kauri na kek mai lemo, ta ɗauko cokali mai yatsu. Likitar Gida, cikin kayan aiki da jaka a kafaɗa, ta zare farantin daga gabanta.

"Ɗari da sittin ne naki, kuma likita na jiransu. Ɗari ukun nan ba ƙafarki ta yi su ba. Mai su zan kai wa."

Ta rufe farantin da takarda ta sauka. Umma ta koma bakin taga, ba a kan keke ba, a tsaye da ƙafafunta, ta yaye labulen gaba ɗaya. Ta ga 'yarta ta tsallaka titi, ta ga ya goge hannu ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga kai, kuma wannan karon bai yi kamar hadari yake nema ba. Umma ta ɗaga masa hannu, agogon na ta kuka a wuyan hannun, ta ƙyale shi ya yi ta yi.